Gwangwanin Adaftan Usta Munir

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin sito a Alƙahira, kuma a cikinsu ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Alhamis, saura 'yan makonni a kama azumi, da shugabana ya tura wa mai saye takardar da na rubuta ya ce ya karanta da kansa. Zan ba ku labarin daga farko, musamman ku da kuka shigo aikin nan bana.

Sunana Lawal, amma Misirawa Awwal suke ce mini. Daga Gusau na zo karatu, na gama, na yi aure, na zauna. Kamfanin da nake wa aiki yana unguwar Mohandessin, kuma sana'arsa ba da hayar kayan fim: kujerun zamanin sarauta, tsofaffin rediyo, kakin 'yan sanda, tarho mai juyawa, takubba da bindigogi. Muƙamina amin makhzan, wato mai riƙe da sito. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. Babu abin da zai fita ƙofa, ko haya ko sayarwa, sai da takarda mai bayanin ko mene ne, da sa hannuna a ƙasa, sannan mudir, wato manaja, ya buga hatimi. Mudir ɗinmu shi ne Ustaz Karim, ɗan mai kamfanin, wanda ya karɓi ragama bayan rasuwar mahaifinsa.

Bindigogi ɗakinsu daban, mai ƙofar ƙarfe. Wasu an toshe bakinsu, wasu kuma harsashin ƙara kawai suke ɗauka, kowace da lambarta da lasisinta. Mai kula da ɗakin a lokacin shi ne Munir, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a, Kirista daga cikin Ƙibɗawa, ya haura saba'in, ya fara aiki tun kamfanin yana shago guda. Duk bindigar da za ta je wurin ɗaukar fim, da shi take tafiya, da shi take dawowa.

A cikin kayan ɗakinsa akwai tsofaffin libarba, wato bindigar hannu mai juyi irin ta 'yan sandan da. Mariƙin irin wannan bindiga siriri ne, kuma akwai rami tsakaninsa da zoben da ke kare kunama. Mai babban hannu idan ya harba, zoben kan bugi gaɓar yatsansa. Saboda haka aka ƙirƙiro wani ɗan ƙarfe na alminiyam, mai lanƙwasa, tsawonsa kamar ɗan yatsa, da kunnuwa biyu na tagulla. Sai a sassauta sukurun mariƙi, a cusa kunnuwan ƙarƙashin katako, a ɗaure, ƙarfen ya cike ramin. Shi ake kira adafta. Ba ya harbi, ba shi da lamba, ba ya cikin lasisi. Muna da goma sha huɗu. Biyar suna jikin bindigogi, sauran suna cikin tsohon gwangwanin samna, wato man shanu, a kan kanta, tare da sukurori da tsumma. A tsawon zamana ban taɓa ɗaukarsu da wata daraja ba.

Ranar Litinin ta wannan mako aka zo zaɓen kaya don wani shirin talabijin na azumi, labarin 'yan sandan zamanin da. Masu shirin sun zo da mai ba su shawara a kan makamai, Doktor Hisham, likitan haƙori ne, ɗan wata ƙungiyar masu harbi, kuma yana tara tsofaffin kayan bindiga kamar yadda wasu ke tara kan sarki. Usta Munir ba ya nan, ya raka bindigogi wani aiki a bayan gari, don haka mudir ya buɗe ɗakin da makullinsa, ni kuma na tsaya da takarda.

Doktor yana ɗaukar libarba ta biyu sai ya daina magana. Ya shafa adaftan da babban yatsa.

"Ya Ustaz Awwal, irin wannan nawa kuke da su?"

Na sauko da gwangwanin na zazzage a kan tebur. Ya ciro ɗan gilashi irin na masu gyaran agogo ya manna a ido, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da na jikin bindigogin. Ya kusa rabin awa. Masu shirin suka gaji suka fita shan shayi.

Daga nan ya yi mana bayani. Ya ce a da waɗannan ƙarafa gyara ake bayarwa idan ka sayi tsohuwar bindiga. Amma masana'antar da ta yi suna wajen yin su a Amurka ta daɗe ba a samun kayanta yadda ake so, tsofaffin libarba kuma sun zama abin tarawa, duk wanda ya mallaki ɗaya yana son ta da adaftanta na asali. Sai neman ya fi kayan yawa, farashi ya yi ta hawa. Ya buɗe wayarsa ya nuna mana inda ake gwanjonsu, mutane na rige-rige a kan abin da mu muka bari cikin tsumma.

"Dukansu na asali ne," in ji shi. "Dubi yadda gefen ya suɗe. Shekara ashirin ina wannan harka, ba na kuskure a kansu."

Kuɗin da ya ambata a kan guda ɗaya ya kusa rabin albashina na wata. Ya ce zai ɗauki goma sha huɗun, amma da sharaɗi: yana son takardar kamfani da Larabci da Turanci, mai cewa ƙirar masana'antar Amurka ce kuma daga sitonmu suka fito. Bai ɓoye dalili ba. A wurin masu tarawa, kaya mai takarda ya fi marar takarda tsada, kuma yana da niyyar musayar wasu da abokansa na waje.

Ustaz Karim ya yi murna, kuma ban ga laifinsa ba. A shekarar darajar fam, kuɗin Masar, ta faɗi, komai ya yi tsada, masu fim sun rage haya, har an fara maganar rage ma'aikata. Ya ce mini, "Tamam, ya yi kyau, ya Awwal. Ka shirya takardar, Doktor zai dawo Alhamis."

Washegari da safe na tarar da Usta Munir yana goge bindigogin da ya dawo da su. Na ba shi labari ina tsammanin zai yi murna. Ya yi dariya har da tari, sannan ya tambaye ni, "Dukansu ya ce?"

"Dukansu."

Sai dariyar ta tsaya. Ya ajiye tsumma ya ce in kawo gwangwanin. Ya ɗauki ɗaya, ya sa bakin sukudireba ya ɗaga kunnen tagullar a hankali, ya miƙo mini. A ƙarƙashin kunnen, inda ido ba ya kaiwa sai an ɗaga, akwai ɗan gicciye da aka zana da tsinin allura.

"Nawa ne," in ji shi. "Ni na yi shi."

Ya ce shekara talatin da wani abu da suka wuce an yi wani fim mai 'yan sanda da yawa, darakta ya ga adafta a hannun jarumin, ya ce kowane ɗan sanda sai da irinsa. Uku kawai kamfanin yake da su, waɗanda suka zo tare da bindigogin. Babu lokacin aikawa waje. Sai Usta ya ɗauki ɗaya ya yi zubinsa a yashi wurin wani maƙerin tukwane, ya narkar da tsofaffin fistin na mota, ya zuba goma sha ɗaya. Ya kwashe kwanaki yana bin su da magagari da sandfefa. Gefen da Doktor ya gani ya suɗe kuwa, hannuwan 'yan fim ne na shekara talatin suka suɗe shi.

"Me ya sa ka sa alama?" na tambaye shi.

"Don kada ni ma in rikice," in ji shi. "Yalla, mu je wurin Karim."

Mun same shi a ofis. Usta ya yi bayani a tsaye, ya nuna alamar. Ustaz Karim ya daɗe yana kallon ƙarfen, sannan ya ce, "Ya Ammi Munir, baffana, zauna. Wa ya ce na asali ne? Mu muka faɗa? Shi ya faɗa, da gilashinsa. Mu sayarwa kawai za mu yi."

Usta ya ce, "Takardar fa, ya ibni, ɗana? Takardar mu za mu faɗa."

"Tsofaffi ne ko ba tsofaffi ba? Shekara talatin. Daga sitonmu suka fito ko ba daga nan ba? To saura kalma ɗaya kawai."

"Ita kalma ɗayar yake saye," in ji Usta.

Mudir bai ɗaga murya ba. Ya sallami Usta, ya ce in tsaya. Ya ce mini shi ba ɓarawo ba ne, albashin mutum goma sha bakwai ne a wuyansa, kuma babu wanda zai taɓa ɗaga kunnen tagulla, domin masu tarawa ba sa lanƙwasa abin da suka saya da tsada. Ina juyawa zan fita sai ya ƙara da cewa, "Af, iƙamarka wata mai zuwa za ta ƙare, ko? Ka tuna mini in rubuta maka wasiƙar." Iƙama ita ce izinin zama a ƙasa, kuma tawa da ta iyalina a kan wasiƙar kamfani suke tsaye. Ban san ko barazana ce ko tunawa ya yi da gaske ba. Har yau ban sani ba.

A unguwar Ainu Shams muke zaune, ni da matata Bilkisu da 'yarmu Hafsa, wadda a lokacin take ajin ƙarshe na firamare. Ban faɗa wa Bilkisu ba sai safiyar Laraba, bayan Hafsa ta tafi makaranta, muna karyawa da ful, wato dafaffen wake, da burodi. Ta saurara har na gama.

"Baban Hafsa, idan ka ƙi, korarka zai yi?"

"Ban sani ba."

"Idan ka sa hannu kuma aka gano fa? Sunan wa ke ƙasan takardar?"

"Nawa. Nasa hatimi ne kawai."

Ta juya cokali a kofi. Ta ce, "Ni dai ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Yarinyar nan saura wata huɗu ta yi jarrabawa. Ba na son mu tattara kaya yanzu." Sai kuma ta ce, "Amma kai baƙo ne. Shi idan abu ya ɓaci zai ce bai iya Turanci sosai ba, ma'aikacinsa ɗan Najeriya ne ya rubuta. Ta ko'ina kai ne a gaba. To gara ka tsaya a inda za ka iya ɗaga kai."

Na shiga jirgin metro ina tsara jimlolin takardar a kaina.

A ranar na nemi Usta muka ɗaga kunnuwan dukansu a hankali, muka ware. Uku babu alama, goma sha ɗaya da gicciye. Na rubuta takardar da harshe biyu. Na ce guda uku ƙirar masana'anta ne, sun zo tare da bindigogin. Guda goma sha ɗaya kuma zubin hannu ne na Munir, ma'aikacin makamai na wannan kamfani, ya yi su a Alƙahira don aikin fim, kuma akwai alamarsa a ƙarƙashin kunnen tagulla. Na sa hannu.

Ban so in yi wa mudir bazata a gaban baƙo ba, don haka ranar Alhamis na kai masa takardar awa guda kafin Doktor ya iso. Ya karanta, fuskarsa ta yi ja.

"Ba wannan na ce ka rubuta ba."

"Na sani, ya Ustaz. Ma'alish, ka yi haƙuri. Idan kana son ɗayar, zan buga maka ita da sunanka ka sa hannu. Amma a gurbin amin makhzan, abin da na gani kawai zan iya sa wa hannu."

"Ka san ko waye ke biyanka?"

"Na sani."

Ya ce in fita. Na koma sito na zauna ina jera kakin da ba ya buƙatar jerawa.

Da Doktor ya iso aka kira ni da Usta, aka ce mu zo da kayan. An kawo shayi. Ustaz Karim bai rubuta ɗaya takardar ba. Na lura da haka, domin tawa ce kaɗai a kan tebur. Ina ganin ya yi tunani ya ga shi ma ba ya son sunansa a ƙasan waccan kalma. Sai ya zaɓi wata hanya. Ya tura wa Doktor takardata da yatsa biyu ya ce, "Ya Doktor, karanta abin da mai sitonmu ya rubuta. Ni dai na fi yarda da idonka." Fatansa shi ne girman kan likita ya sa ya yi watsi da maganarmu, ya sayi dukansu a kan ra'ayin kansa.

Kuma saura kaɗan hakan ta faru. Doktor ya karanta ya yi murmushi ya ce, "Da girmamawa, ya Usta, tsufa kan sa mutum ya haɗa labari biyu. Wannan ba aikin yashi ba ne."

Usta bai yi musu ba. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga kunnen ya ajiye a gabansa. Ya ɗauki na biyu, na uku. Doktor ya manna gilashinsa ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Mayar da kunnuwan. Gauraya su."

Usta ya mayar, ya zuba su a gwangwani ya girgiza, ya zazzage. Doktor ya cire kwat, ya jawo kujera kusa da taga, ya shiga dubawa. Yana auna nauyinsu a tafin hannu, yana ƙwanƙwasa su a gefen kofi yana sauraro. A ƙarshe ya ware uku ya ce, "Waɗannan."

Usta ya ɗaga kunnuwan. Biyu daga ciki nasa ne.

Na zaci Doktor zai yi dariya ko ya yabi tsohon. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sa kwat ɗinsa, ya ce a ware masa ukun na gaske, ya biya a kan farashin da ya faɗa tun farko, ya nemi in sake takarda a kan ukun kawai. Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce wa Usta, ba tare da ya dube shi ba, "Kada ka sake yin wasu. Kuma kada waɗannan su fita daga gidan nan." Ya tafi bai sha shayinsa ba. Daga baya na fahimci abin da ya dame shi. Yana da irinsu da yawa a gida, kuma da wannan idon ya saye su.

Bayan fitarsa Ustaz Karim ya ce, "Khalas, shi ke nan, kun huta?"

Ba a kore ni ba. Amma a makon da ya biyo aka mayar da ni babban siton kujeru da ke bayan gari, tafiyar mota biyu daga gidana, na yi wata biyar a can. Wasiƙar iƙama kuwa sai da ya rage kwana uku ta fito, bayan na tuna masa sau huɗu. A waɗannan makonni Bilkisu ba ta taɓa ce mini da na sani ba, amma na ga ta fara ware kayan da za a iya sayarwa idan tafiya ta kama. An rage ma'aikata biyu a ƙarshen shekarar, direba da wata mai ɗinki, kuma na sha tambayar kaina ko kuɗin adafta goma sha ɗaya da ya riƙe su na ɗan lokaci. Wataƙila da ya riƙe. Ban da amsar da za ta kwantar mini da hankali gaba ɗaya, kuma ba zan ƙirƙiro muku ita ba.

Usta Munir ya yi ritaya a shekarar. Shi ya nema, ya ce idonsa ya yi rauni. Ranar da zai tafi na zo daga siton bayan gari don mu yi sallama, na tambaye shi ko bai ji daɗi ba da aikinsa ya rikita gwani. Ya ce, "Na ji daɗi na minti ɗaya, ya ibni. Sai na ga fuskar mutumin." Ba da daɗewa ba mudir ya dawo da ni Mohandessin, domin wanda aka sa a gurbina ya kasa riƙe ɗakin makamai da sito tare. Mudir bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Muna aiki lafiya har yau.

Abin da na koya shi ne wannan. Sana'armu ta kwaikwayo ce daga sama har ƙasa. Zinariyarmu fenti ce, takobinmu ba ya yanka, bindigarmu ƙara kawai take yi, kuma babu laifi a ciki domin mai haya ya san abin da ya ɗauka. Amma da zarar kaya ya yi tsada a waje, za a zo da kuɗi a nemi ku rubuta cewa na gaske ne, kuma mai neman ba lallai ya zama mugu ba. Zai iya zama shugaba mai albashin mutane a wuyansa, ko gwani da ya yarda da idonsa fiye da kima. Su duka suna da abin da za su fake da shi idan magana ta fito. Mai sito ba shi da komai sai layin da ya sa wa hannu. Don haka kafin ku rubuta ko mene ne abu, ku nemi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan ku tambaye shi, ko da shi ne wanda babu mai tambaya.